Albasar Jatau a Gaban Masana

Jama'a, wata Talata cikin tsakiyar sanyin bana na fita neman fetur, na dawo gida da hula. Fetur ban samo ko ɗigo ba. Hular kuma ta ƙi shiga kaina, da alama da tunanin wanda ya ba da kwangilarta aka auna ta. Na daɗe ina son ba ku labarin, amma na ce bari in ga ƙarshensa tukuna, tunda ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Waɗanda suka saba karanta ni sun san sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce a nan Talata Mafara. Katangata ɗaya da Jatau, mutumin Damri ta ƙasar Bakura, wanda ya fi shekara ashirin yana noman albasa a fadamun Bakolori. Ran nan muna sallame asuba muka ɗauki jarkokinmu muka bi layi a wani gidan mai. Har rana ta kai tsaka-tsakin hantsi layi bai motsa ba. Muka tambayi dalili, aka ce an ɗauke wuta, janareto kuma babu mai a cikinsa. Wato gidan mai ya rasa man da zai tayar da injin da zai ba da mai. Duk wanda ya ce ƙasar nan ba ta da masu zurfin tunani, ya zo ya warware mana wannan.

 Jatau kuwa yana tsugune da wata baƙar leda tsakanin ƙafafunsa, can ya kwance ta ya miƙo mini.

"Malam Inuwa, duba man nan. Mi ka cin wagga albasa?"

Na duba. Ganyen ya bushe daga sama, jikinsa duk tabo ja-ja kamar an yayyafa masa galura, wuyan albasar ya yi laushi, ga wani wari da ke tashi.

Na ce, "Ka yi feshi kuwa?"

"Sau huɗu. Dut maganin da mai shago yac ce in saya, na saya. Kamar ƙarhi nika ƙara mata. Yau so nika in kai mishi ita shi gani da idonai."

Ba ƙaramar magana ba ce a wurin Jatau. Bana bijimin huɗarsa ya sayar ya sayi iri da taki da man ban-ruwa. Babban ɗansa Abdulhadi, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya riga ya gaya masa cewa in albasar bana ta mutu, shi da noma sai a lahira, zai bi abokansa ramin zinariya can cikin daji. A unguwarmu kaɗai mutum biyu rami ya rufta da su. Jatau ne ya yi wa ɗayan wanka. Shi ya sa tun da ganyen ya fara bushewa tuwo ba ya wuce masa.

Muna cikin haka sai ga jerin baƙaƙen motoci guda shida, masu gilashin da ba ka ganin na ciki amma na ciki yana ganin talaucinka. Ba su bi layi ba, domin layi na marasa uzuri ne. Ikon Allah, janareton da ya mutu tun asuba yana jin ƙarar tayarsu ya farfaɗo. Aka cika musu tanki, yana gamawa ya koma ya sake mutuwa. Na yi shekara talatin ina gyaran inji, ban taɓa ganin mai ladabi irin wannan ba.

Daga motar ƙarshe wani mutum ya fito da kati rataye a wuya, gumi na keto masa duk da sanyin da ake yi. Ya ce sunansa Yasir, shi ne jami'in tsare-tsare. Ya ɗaga murya ya ce, "Su wa da wa ne manoma a nan?"

Ya yi mana bayani. Wata jami'a ce daga can nesa, a wata jiha, kada wani na kusa ya tsargu, ba da shi nake ba. Tana da wani reshe mai suna Cibiyar Binciken Haɓaka Arzikin Yanki, wadda ta yi shekara biyar tana nazarin tattalin arzikin ƙasarmu. Yau ta kira taro a kan rawar da jami'o'in bincike ke takawa wajen bunƙasa arzikin yanki. Komai ya kammala, abinci ya sauka, masu ɗaukar hoto sun iso, sai dai manoman da aka gayyata ko ɗaya bai zo ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau fa Talata."

Ya ce, "To sai me, Baba?"

Ku ji fa. Mutanen da suka shekara biyar suna binciken arzikin Talata Mafara ba su kai ga gano ranar da kasuwar Talata Mafara ke ci ba. Ban ga laifinsu ba. Bincike abu ne mai bi a hankali, wataƙila sai a zango na biyu za a kai kan sunan garin.

Ni na so in tsaya kan layina. Jatau ne ya ja hannun rigata.

"Yac ce masana na can? Masanan albasa?"

Yasir ya ce, "Har da farfesoshi, Baba."

Jatau ya ɗaure ledarsa ya miƙe. Haka muka bar jarkokinmu a hannun Allah da na wani mai shayi, aka loda mu a wata bas mu goma sha biyar. A cikinmu akwai tela ɗaya, da direban tifa, da wani wanzami, duk aka raba mana hula da riga mai hoton zangarniyar gero, muka zama manoman zamani.

Ɗakin taron ya sha ado. Da farko aka zaunar da mu a baya. Da masu hoto suka shirya aka dawo da mu gaba, aka ce mu yi murmushi irin na waɗanda suka amfana. Muka yi. Aka mayar da mu baya. Babban Baƙo na Musamman bai samu zuwa ba saboda hidimar jama'a ta yi masa yawa, ya turo Wakili. Wakili ma hidima ta riƙe shi, ya turo Wakilin Wakili, wanda Allah ya kawo shi gab da azahar, cikin wata babbar riga da za ta yi wa iyalina duka kayan salla har a rage na matashin kai.

Shugaban Cibiyar, Shehin Malami Mai Carbin Digiri, shi ya yi babban jawabi. Sa'a ɗaya da minti arba'in yana zuba Turanci, wata mata a gefe tana danna kwamfuta tana sauya hotuna a bango. Da ɗan bokon da na yi na tsinci wasu abubuwa. Ya ce a wata ƙasa jami'a guda ta mai da ƙauyen makiyaya birnin masana'antu. Ya ce a wata kuma masana sun ƙirƙiro rumbun da albasa ke shekara ba ta ruɓe ba, kuma shi da tawagarsa sun je har ƙasashe uku sun gano wa idonsu. Na jinjina musu a zuciyata. Ba kowa ke iya jure wahalar jirgin sama da sanyin otal saboda albasar talaka ba. Daga ɗakin taron zuwa gonakin Bakolori kuwa ba a cika rabin sa'a a mota, amma wannan tafiya ce mai hatsari, akwai taɓo.

Da ya gama aka ce tafinta ya mayar mana da Hausa. Tafinta ya tashi ya gyara murya ya ce, "Farfesa yana gaishe ku. Ya ce noma tushen arziki. Ya ce ku ƙara haƙuri." Ya zauna. Wanzamin da ke kusa da ni ya ce ashe Turanci kamar kumfar sabulu yake, in an matse ba ya cika cokali.

Aka ba da hutun salla. A bakin ƙofa akwai wani teburi da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, a kansa kwando cike da albasa manya-manya, jajaye, suna sheƙi. An kafa takarda a gaba: Ingantacciyar Albasa Mai Lamba Bakwai, Sakamakon Binciken Cibiya. Jatau ya tsaya a kanta kamar wanda ya ga watan salla. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya shinshina.

"Malam Inuwa, in na samu irin wagga, ai na warke."

Sai muka ji murya daga waje. "Jatau, ashe kai ma suna da kai? To ka ce musu in sun ƙare kallo su maido man kwandona."

Inna Marka ce, wata dattijuwa daga Maradun da ke kasa albasa a kasuwarmu kowace Talata tun ina saurayi. Tana zaune a gindin bango, mai gadi ya hana ta shiga don ba ta da kati. Muka fita muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, da sanyi, da gajiya, sannan na ce, "Inna, wane kwando?"

"Wancan na bisa teburi. Da sahe sunka zo sunka saye albasar dut, sunka ce in ara musu kwando. Ga alamata nan, jan zare a baki."

"To ita Mai Lamba Bakwai ɗin fa?"

"Wace lamba? Albasar ƙanen mijina ce, ta bayan gari. Ni dai in ta yi karatu, ban san sa'ad da tat tahi makaranta ba."

Jatau bai yi dariya ba. Ya koma ya ajiye albasar a kwando a hankali, ya goge hannunsa a riga. Na ce masa mu tafi, kayan aro ba ya rufe katara, wataƙila layinmu ya motsa. Ya ce a'a, shi sai ya nuna ledarsa.

Bayan salla aka zo lokacin tambayoyi. Don a sauƙaƙa mana wahalar tunani, Yasir ya riga ya rubuto tambayoyin a 'yan takardu ya rarraba. Ta Jatau na leƙa na karanta: Muna godiya ga Cibiya, yaushe za a sake kawo mana irin wannan taro mai albarka? Abin da Yasir bai sani ba shi ne Jatau bai yi boko ba. Ajami yake karantawa, kuma a cikinsa ba ya tuntuɓe. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Da aka miƙa masa lasifika ya yi sallama, ya gaida manya, ya tambaye su hanya, da gajiya, da iyalin da suka baro, har Yasir ya fara duban agogo. Sannan ya taka zuwa babban teburi, ya kwance leda, ya zazzage ruɓaɓɓiyar albasarsa a kan farin ƙyalle, tsakanin robobin ruwa da furen roba.

"Ranku shi daɗe, an ce ku ne masana. Wagga ita ce gonata. Bijimina na cikinta, ɗana na cikinta. Ku hwaɗa man mi ka cin ta, in san abin da za ni yi."

 Warin ya isa gaban manya kafin maganar ta isa. Wakilin Wakili ya zaro hankici ya kai hanci, cikin natsuwa irin ta wanda ya saba jin koken jama'a. Shehin Malami ya sauke gilashi ya dubi albasar daga nesa, yadda ake duban maciji. Ya ce wannan tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, kuma ita ce ke nuna buƙatar a ƙara wa Cibiya kuɗin bincike. Ya ce za a kafa kwamiti. Aka yi tafi. Wakilin Wakili ya ƙara da cewa zai isar da saƙon ga Wakili, shi kuma ya isar ga Babban Baƙo, wanda albasa ke kusa da zuciyarsa ƙwarai. Aka sake tafi. Yasir ya tattare albasar da gefen wata takarda ya fita da ita.

Jatau ya dawo ya zauna. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka ja bijiminsa zuwa kara. Ya ce, "Tashi mu tahi, Malam Inuwa."

Mun kai bakin ƙofa sai muka tarar da matar nan mai danna kwamfuta tsugune a gaban kwandon shara, ta tsamo albasar Jatau ta baza a ƙasa. Ta zaro wani ɗan madubi mai ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, tana duba ganyen. Da ta gan mu ta miƙe ta rusuna.

"Baba, ina wuni. Sunana Zahra'u, malama ce ni a jami'ar, cututtukan shuka na karanta. Wane magani ka fesa?"

Jatau ya laluba aljihu ya fito da murfin kwalbar da takardarta. Ta karanta ta girgiza kai.

"Wannan na kashe ƙwari ne, Baba. Abin da ke cin albasarka ba ƙwaro ba ne, fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ko sau ɗari ka fesa wannan ba za ta ji ba. Da yaushe kake ban-ruwa?"

"Da marece, in rana ta yi sanyi."

"Ruwa yana kwana a fangali?"

"Yana kwana."

"Gonar tana da nisa?"

Na ce mata ba nisa, amma babu mai a babur ɗina, kuma ai ba a rufe taro ba, wa zai danna wa Farfesa hoton godiya? Ta waiga ta dubi ƙofar ɗakin, sannan ta ce, "Yatsa gare shi."

A bayan wata a-kori-kura da ta sauke kaya a kasuwa muka tafi, Dakta guda zaune cikin kwandunan tumatir da babu komai, tana riƙe da mayafi kada iska ta ɗauke. Da muka isa ta tuɓe takalmi ta shiga taɓo. Abdulhadi yana can gindin wata bishiyar bedi, ko fartanya bai ɗauka ba, ya gaishe mu da ƙyar. Ta bi fangali ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga ganye, tana tona gindi da yatsa, har la'asar ta yi. Sannan ta dawo ta faɗi magana ba kwana-kwana.

"Baba, kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kada ka ɓata mai a kansa. A tuge shi yau, a fitar da shi daga gona a ƙone, kada a bari a kan kunya. Sauran za a iya cetowa in Allah ya so. A daina ban-ruwa da yamma, a koma da safe, kuma a buɗe wa ruwa hanya kada ya kwana. Ga sunan maganin da za ka nema, na fumfuna. Baɗi kuma kada ka sake albasa a wannan gefen, sa alkama ko masara, ƙasar ta huta."

Jatau ya dubi ɓangaren da ta nuna. Wata biyu yana shayar da shi kamar jariri. Ya tsuguna ya kama ganye ɗaya, hannunsa ya ƙi ja. Abdulhadi ne ya taso daga gindin bedi, ya naɗe hannun riga ya fara tugewa. Ni ma na cire rigar Cibiya na shiga. Rigar ta yi amfani, da ita muka riƙa kwasar ruɓaɓɓun zuwa bakin gona.

Muna hutawa na tambaye ta, "Malama, ke da kika san abin nan haka, me ya hana mu ji tun tuni?"

Ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Ta ce shekara uku ke nan da ta rubuta dogon nazari a kan wannan cuta, da samfurin da ta ɗiba a gonakin yankin nan. An buga shi da Turanci a wata mujalla ta ƙasar waje, wadda ita kanta sai ta biya kafin ta buɗe ta karanta abin da ta rubuta. Da shi aka ƙara mata girma. Ta nemi mota ta zagaya ƙauyuka ta yi bayani, aka ce motocin Cibiya na manyan ayyuka ne. Na'urar da za ta riƙa gwada ganye da ƙasa kuwa ta iso shekara huɗu da suka wuce, tana nan cikin akwatinta, ba a buɗe ba, ana jiran ranar da Babban Baƙo zai samu sukunin yanke ƙyalle.

Kun ji inda gizo ke saƙa. Cuta tana Mafara, maganinta yana Turai a kulle, mabuɗin yana aljihun mai hidimar jama'a. Ni a ɗan sanina, jami'ar bincike rijiya ce: ana haƙa ta ne don gari ya sha. Tamu an haƙa, an kai ruwa, ruwan kuma mai daɗi ne, sai aka gina mata ƙofa mai ƙawa aka manta da guga. Masu ilmin suna nan, na ga ɗaya da idona, taɓo har gwiwa. A saman ne albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Na ce mata, "Abin nan da kika faɗa wa Jatau, zai cika shafi ɗaya?"

Ta ce ko rabi ba zai kai ba. Na yage bayan takardar shirin taro, ta riƙa faɗa ina rubutawa da Hausa, Jatau yana gyara mana kalmomi zuwa yadda manoma ke faɗi. Ta bar mana lambar wayarta, muka sa ta a mota ta koma. An ce ta tarar har an cinye shinkafa.

Washegari na kai takardar wurin Malam Ɗayyabu, limamin unguwarmu, ya juye ta cikin ajami da hannunsa mai kyau. Ranar Juma'a bayan an sallame ya ce jama'a su ɗan dakata, ya karanta. Ashe ba Jatau kaɗai ba ne. Mutum bakwai suka tashi suka ce tabon ya fara bayyana a nasu, kowa yana ɓoyewa yana feshin maganin ƙwari. Aka yi ta kwafar takardar, ta kai Damri, ta kai Bakura, Inna Marka ta tafi da guda Maradun cikin kwandonta, wanda sai da ta yi sallar magariba a ƙofar ɗakin taro kafin aka sako mata shi. Maganin fumfunar kuwa yana nan a shagon da Jatau ke saye, a kantar ƙasa. Mai shago ya ce ai ba wanda ya taɓa tambaya.

Sati biyu Jatau yana kiran Malama Zahra'u kusan kullum, Abdulhadi yana ɗaukar hoton ganye da waya yana tura mata. Sabon ganye ya fara fitowa kore shar, babu tabo. Da aka cire albasa, Jatau ya samu fiye da rabin abin da ya saba samu. Bijimi bai dawo ba tukuna, amma gidan ba zai yi yunwa ba, kuma Abdulhadi bai tafi rami ba. Ya ce zai ƙara gwada shekara ɗaya. Ranar da aka kawo buhunan gida, Hadizatu matar Jatau ta aiko mana da tuwon shinkafa da miyar da albasa ta fi ruwa yawa. Jatau ya ci malmala uku a gabana, ina lissafe.

Ita kuwa Malama Zahra'u, da na kira in yi mata albishir, ta ce ita ma ta samu tata takardar. Ta neman ba'asi ce: ta bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa ta bar bakin aiki ana tsakiyar taron bunƙasa noma ta tafi gona. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce ko mu haɗa manoma mu je mu yi mata shaida? Ta ce in muna ƙaunarta mu zauna gida, kuma in tabon ya sake fitowa a kira ta.

Kada ku ce Cibiya ta manta da mu, ba ta da wannan butulcin. Labari ya kai mata cewa albasa ta warke a Bakolori. Makon jiya sai ga mota biyu har bakin gonar Jatau, Yasir a gaba, da ma'aikata ɗauke da wani ƙaton allo na ƙarfe. Garin juyawa, direba ya bi ta kan fangali biyu na albasar da Jatau ya bari don iri, ta riga ta yi fure. Suka haƙa rami, suka kafa allo, suka zuba siminti, aka ɗauki hoton Jatau a gindinsa, suka tafi.

Jatau ya ce in karanta masa. Turanci ne tsantsa. An rubuta cewa wannan Gonar Gwaji ce ta Cibiya, inda manoma dubu goma suka amfana a ƙarƙashin jagorancin hangen nesa na su wane da wane. Sunaye bakwai na ƙirga. Babu Zahra'u, babu Jatau.

Na ce, "Mu tumɓuke shi?"

Ya zagaya allon, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya tsaya a bayansa inda rana ba ta bugu.

"Bar shi nan. Ƙarhe ne mai kyau. Kuma ka ga gabanai hanya yaka kallo, bayanai gona."

Da yamma ya sa Abdulhadi ya liƙa takardar Malam Ɗayyabu a bayan allon, ya rufe ta da farar leda saboda raɓa. Jiya da na je duba masa inji na tarar da mutum huɗu daga wani ƙauye tsaye a wurin, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, sauran suna gyaɗa kai. Gaban allo na masu wucewa a mota ne, bayansa na masu noma, kowa ya samu rabonsa, ba rigima.

In hanya ta biyo da ku, ku zagaya ta baya. Sai dai don girman Allah kada wanda ya tsegunta wa Cibiya, kada su zo ƙaddamar da bayan allon. Albasar irin da ta rage wa Jatau ba ta da yawa.